Daga Sha-ka-tafi zuwa Inuwa Ɗaya

A zamanin En'e, kula da lafiyar talaka a rarrabe take. Malamin asibitin sha-ka-tafi ya ba da maganin zazzaɓi, ya wanke gyambo. Duba-gari ya zagaya gidaje yana leƙa randa da masai. Haihuwa sha'anin ungozoma ce a ƙuryar ɗaki, masu lambar agana kuma su zo su yi su wuce. Kowa da aikinsa, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya gani. Uwa ta kai yaro saboda gudawa, a ba shi magani, amma ba mai tambayar tsohon cikin da ke gabanta, balle rijiyar da gidan ke sha.

Taron Alma-Ata na 1978 ne ya kawo wani tunani dabam: a kai kiwon lafiya kusa da jama'a, a haɗa magani da riga-kafi da kula da uwa da ɗa wuri guda. A Najeriya, wanda ya ɗauki wannan kaya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1986 aka ware ƙananan hukumomi 52 don gwaji, a 1988 aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa. Shirin Bamako na 1987 kuma ya kawo asusun magani mai juyawa, a sayar da araha a sake sarowa.

Waɗanda suka ga lokacin ba su manta ba. Mace ta je awon ciki, a nan za a auna yaron da ke goye, a duba katinsa, a yi masa allurar ƙyanda, a koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari, a yi mata zancen tazarar haihuwa. Tafiya ɗaya, gida guda ya amfana.

Sai dai abin bai ɗore ba. Ko da yake an kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa a 1992, ƙananan hukumomi sun gaza da kuɗi, magani ya ƙare, ma'aikata suka koma birni. Shirye-shirye suka sake rarrabuwa, kowace cuta da motarta da ma'aikatanta. Lokacin da aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano a 2003, jita-jita ce ta hura wutar, amma akwai tambayar da iyaye suka riƙa yi: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon shan inna kyauta, alhali zazzaɓin cizon sauro na kashe mana yara, asibiti kuma ba magani? Duk wanda ya taɓa jinya a ƙauye ya san nauyin wannan tambaya.

A 2011 aka amince da tsarin mayar da matakin farko ƙarƙashin inuwa ɗaya, dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Doka ta samu. Abin da ya rage shi ne ungozomar asibiti da za ta kwana a bakin aiki, da firijin allura mai wuta, da magani a kanta, domin iyalin da suka shigo ta ƙofa ɗaya su fita an duba kowa.