Gyaran Giyar Tsohuwar Fijo

A wata unguwa da ke cikin birnin Zariya akwai wani dattijo, tsohon hedimasta, wanda ya mallaki mota ƙirar Peugeot 404, irin wadda Hausawa ke kira Fijo. Ya saye ta a shekarar 1976 da rancen mota da gwamnati ke bai wa ma'aikata a wancan zamani, ya cika da abin da ya tattala daga ƙarin albashin Udoji. Da ita ya kai uwargidansa asibiti haihuwar ɗansu na fari, kuma da ita aka ɗauki amaren 'ya'yan maƙwabta da dama. Saboda haka ya ɗauke ta tamkar ɗaya daga cikin iyalinsa.

Ita wannan mota a ƙasar Faransa aka fara ƙera ta a 1960. Ta yi suna a Afirka saboda juriya, har ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu, wato a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Lokacin da masana'antar harhaɗa motoci ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, tana cikin motocin da aka riƙa haɗawa a can, har da samfurinta na a-kori-kura da ya cika kasuwannin ƙauye. Abin da ya bambanta ta da motocin da suka biyo baya shi ne sandar giyarta. Maimakon ta fito daga ƙasa tsakanin kujeru biyu, a jikin sitiyari take, ta hannun dama, inda direba ke samun giya huɗu da ribas.

Sauƙin da direba ke samu yana da wahalarsa. Giyabos yana can ƙasa bayan injin, sanda kuma tana sama kusa da ƙirjin direba, don haka dole a sami abin da zai isar da motsin hannu daga nan zuwa can. Motsin nan iri biyu ne. Idan direba ya jawo sandar wajensa ko ya tura ta gaba, layin giya yake zaɓa. Idan ya ɗaga ta ko ya sauke ta, shigar da giyar yake yi. Kowane motsi yana gangarawa ta jikin ƙarfen sitiyari zuwa wasu siraran sandunan ƙarfe masu gaɓoɓi, su kuma su ja ko su tura 'yan hannuwan da ke jikin giyabos. Kowace gaɓa tana cinyewa da shekaru. Sako-sakon da bai kai faɗin farce ba a gaɓa ɗaya, idan ya haɗu da na sauran, sai ya zama babbar ɓaraka.

Bayan motar ta haura shekara arba'in, sai hedimasta ya lura sandar ta fara lilo a hannunsa. Daga nan giya ta biyu ta fara gardama, sai ya lallaɓa ta kafin ta shiga. Wata Juma'a, a kan hanyarsa ta dawowa daga masallaci, giyar ta fice da kanta a tsakiyar cunkoso, injin ya yi ta gurnani mota na tsaye, masu babura na ta zabga masa oda. Da ƙyar yara suka tura shi gefen titi. Ya koma gida cikin kunya.

'Ya'yansa sun daɗe suna neman irin wannan dama. Babbansu ya ɗauko wani matashin bakanike wanda ya ƙware a kan motocin zamani masu canza giya da kansu. Matashin ya zauna, ya girgiza sandar sau biyu, ya yanke hukunci cewa giyabos ya mutu, sai an sauke shi an nemo wani, in ma za a samu. Kuɗin da ya faɗa ya fi fanshon dattijon na wata uku. Da dare ɗan ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri a sayar wa 'yan gwangwan. Mu za mu haɗa kuɗi mu saya maka wata." Dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a ba shi mako guda.

Washegari ya nufi Sabon Gari neman wani tsohon bakanike da ya yi zamani da Fijo, wanda a lokacin ya kusa daina aiki saboda ciwon gwiwa. Da suka iso gida, tsohon bai tayar da motar ba. Ya sa yaronsa ya tokare tayoyi da duwatsu, ya shiga ya gwada giyoyin injin na kashe.

"Malam, in da kuloci ne, da yanzu duk sun shiga lafiya, sai an tayar da injin za su fara kuka," in ji shi. "Ga shi ta ɗaya da ta uku suna shiga har ƙarshe, ta biyu da ta huɗu ba su kaiwa. Giya biyu ba su cika haɗa baki su lalace rana ɗaya ba."

"To, Alhaji, giyabos ɗin fa?"

"Bari mu tambaye shi da kansa."

Ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin motar. Da farko ya duba robobin da injin da giyabos ke zaune a kansu, domin idan suka lotse, giyabos kan sauka daga inda yake, tsawon sandunan ya daina dacewa, kuma duk saitin da aka yi kafin a canza su aikin banza ne. Ya tarar da su da sauran ƙarfi. Sai ya cire bakin sandar da ke shigar da giya, ya kama ɗan hannun giyabos ya motsa shi kai tsaye. Kowace giya ta shiga ta zauna daram. Ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, giyabos ɗinka lafiyarsa ƙalau. Ɗan aike ne ba ya isar da saƙo."

Daga nan aiki ya koma na haƙuri. Ya mayar da giyabos firi, ya umarci yaronsa ya riƙe sandar sitiyari a tsakiya cif, kada ya motsa. Da ya kawo bakin sandar kusa da mazauninta, sai aka ga ba su haɗu ba, akwai tazarar da ta kusa faɗin ɗan yatsa. Gaɓar ta cinye, notin da ke kulle tsawon sandar kuma ya saki. Ya wanke wurin da kananzir, ya ciro wata gaɓa mai sauran kyau daga wani tsohon gwangwani da ya zo da shi, ya shafa mata giris. Sannan ya riƙa murɗa bakin sandar rabin zagaye, ya gwada, ya sake murɗawa, har ya zauna a mazauninsa ba tare da an ja ko an tura ba. Yaron ya ƙosa, ya ce, "Maigida, a ba shi zagaye uku mana a huta." Tsohon ya ce, "In ka wuce, ta biyu za ta shiga, ta ɗaya ta fara fita. Tsakiya ake nema." Bayan ya ɗaure notin, ya yi wa sandar zaɓen layi irin wannan dubawa, har ribas ta riƙa shiga ba tare da laluben hanya ba.

Kafin la'asar hedimasta ya zagaya unguwa, sandar tana bin yatsunsa kamar yadda ya san ta a da. Tsohon bakaniken ya gargaɗe shi cewa ba kullum ake dacewa haka ba. Giyar da ta daɗe tana shiga rabi tana cinye haƙoranta, kuma da ya ƙara 'yan watanni yana tilasta mata, da maganar matashin ta tabbata. Ladan aikin bai kai kuɗin cika tankin mai ba.

Ba za a ce matashin bakanike maƙaryaci ne ba. Bai taɓa kwanciya ƙarƙashin mota mai giyar sitiyari ba, kuma a irin aikin da ya koya, abin da ya lalace cire shi ake yi a sa sabo. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Abin da ya rasa shi ne tambayar da tsohon ya fara da ita: a ina ainihin laifin yake, a hannu ne, ko a giyabos, ko a tsakaninsu? Wannan tambaya ba a gareji kaɗai take da amfani ba. Sau da yawa akan rushe abin da ke da lafiya saboda ba a tsaya an bincika hanyar da saƙo ke bi ba, alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Da daren ranar babban ɗan ya zo gaisuwa, ya tarar da motar a rumfarta an wanke ta. Bai sake ta da maganar 'yan gwangwan ba. Dattijon kuwa abu ɗaya ya roƙe shi, wato ya riƙa kai jikansa Sabon Gari ranar Asabar ya zauna kusa da tsohon bakaniken, tun gwiwoyinsa na iya lanƙwasawa.