Bayan Shekara Biyu Ina Rage Ci, Na Koma Ƙara Loma

Maganar rage ƙiba ta zama ruwan dare a tsakaninmu. A gidan biki da wajen suna, kowace na da shawarar abin da za a daina ci. Amma ba kasafai ake faɗa mana abin yi bayan an rage ɗin ba, kuma a kan wannan nake son mu tattauna, domin ni ganau ce ba jiyau ba.

Da na yaye ɗana na huɗu, likita ya ce in rage nauyi saboda hawan jini da ciwon gwiwa. Na bi shawararsa, cikin shekara biyu na zubar da kilo 14, jini ya daidaita, gwiwa ta yi sauƙi. Daga nan sikeli ya tsaya cak, alhali rabin malmalar tuwo nake ci da dare. Sai wasu abubuwa suka biyo baya. Ƙafafuna sanyi ƙalau ko a zafin Afrilu, gashi na zuba har mai kitso ta yi magana, al'adata ta fara wasa. Abin da ya fi damuna shi ne saurin fushi. Ran nan autana ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Umma, har yanzu ba ki huce ba?"

A asibiti an auna jinina da maƙoshina aka ga lafiya lau, sannan aka tura ni wajen masaniyar abinci. Ta ce, "Hajiya, ƙara ci za ki yi." Gabana ya faɗi, don na san wahalar da na sha. Sai ta ba ni misali da cefane: idan maigida ya rage kuɗin cefane wata da watanni, uwargida takan koyi tsimi, ta rage itace, ta rage mai. Haka jiki yake. In ya daɗe yana samun kaɗan, sai ya rage kalorin da yake ƙonawa, ya rage ɗumi da kuzari, ya ƙara yunwa.

Wannan abu masana sun daɗe da saninsa. A 1944 zuwa 1945, Ancel Keys na Jami'ar Minesota a Amurka ya yi gwaji da maza 36, aka rage musu kusan rabin abincinsu na tsawon wata shida. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, ƙonawar jikinsu a lokacin hutu ta ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Sanyi ya dame su, suka zama masu fushi, ba su da hira sai ta abinci. Da na ji haka, sai na ga kamar labarina ake bayarwa.

Ga yadda muka yi. Duk mako biyu nakan ƙara kimanin kalori 100 zuwa 150 a abincin yini. Na fara da dafaffen ƙwai ɗaya da safe, wanda bai wuce kalori 80 ba, sai kofin nono, sai wake da kifi, daga baya malmalata ta cika. Ta gargaɗe ni game da mai, domin babban cokali ɗaya kalori 120 ne, ga shi ba ya ƙosarwa. Na ci gaba da tattaki bayan la'asar. A makonnin farko kilo ɗaya da rabi ya dawo, ta ce in kwantar da hankali, yawancinsa ruwa ne da jiki ke riƙewa tare da sitacin da ya adana. Cikin wata huɗu sanyi ya tafi, al'ada ta daidaita, nauyin kuma ya tsaya wuri guda.

Sai dai kada wata ta ɗauka ƙarin ci zai mayar da jiki kamar na budurwa. Ƙaramin jiki dama bai buƙatar abinci kamar babba. Wani bincike na 2016 kan mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba a talabijin ɗin Amurka ya nuna cewa bayan shekara shida, jikinsu na ƙona kimanin kalori 500 ƙasa da yadda ya kamata a kullum. Saboda haka a hankali ake ƙarawa, ana lura da sikeli.

'Yar uwa, in kin daɗe kina takura ci kuma kin ga waɗannan alamu, ki je a auna ki tukuna, don ƙarancin jini da ciwon maƙoshi ma kan zo da kamanninsu. Mai ciwon suga, mai juna biyu da mai shayarwa kuwa, kada su canza tsarin cinsu sai da sanin likita. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.