Tsibirin da Kyamara Ta Fi So a Alƙahira

Mai karatu, in kana kallon finafinan Misira, to ka sha ganin wurin nan ko da ba ka san sunansa ba. Da zarar darakta yana son ka gane an iso Alƙahira, sai ya hasko wata doguwar hasumiya a bakin ruwa, ko gadar nan mai gumakan zakuna huɗu. Hasumiyar, mai tsawon mita 187, an gama ta a 1961, kuma a kan tsibiri take a tsakiyar kogin Nilu. Gadar, Kasrun Nil, ita ke kai ka can daga tsakiyar birni. Sunan tsibirin Jazira, arewacinsa kuma shi ne unguwar Zamalek. (Masu ƙwallo su lura: kulob ɗin Al Ahly ne ke da mazauni a tsibirin. Na Zamalek yana ƙetare, a Giza!)

Sarkin Misira Isma'il ne ya ɗaga wurin. Ya gina fada a ciki don saukar manyan baƙin bikin buɗe mashigin Suez a 1869, cikinsu har da matar sarkin Faransa. Fadar nan yanzu otal ce. A 1882 sojojin Ingila suka yanki fili suka yi kulob ɗin wasanninsu. A 1988 aka buɗe gidan opera da Japan ta gina, inda ake bikin baje kolin finafinai na Alƙahira.

To amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. A Zamalek Ummu Kulsum ta zauna, mawaƙiyar da duk ƙasashen Larabawa ke tsit in ta buɗe baki. Ta rasu a 1975, daga baya aka rushe gidanta aka dasa dogon otal, aka liƙa masa sunanta. Wai karramawa kenan.

Ka kuma dubi siririn reshen kogin da ya raba tsibirin da Imbaba ta yamma. A gaɓarsa ta ƙetare a da akwai gidajen katako masu yawo a kan ruwa, mutane sun zauna a ciki shekara da shekaru. A irin wannan gida Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya tara taurarin littafinsa Sarsara Faukan Nil na 1966: 'yan boko da suka gaji da ƙasa, suna busa hayaƙi suna surutu har dare ya raba. Husaini Kamal ya mai da shi fim a 1971, kuma ni dai a ganina gidan ya fi kowane ɗan wasa taka rawa, don yadda yake lilo a kan ruwa haka rayuwar mutanen take.

A 2022 hukuma ta ba da umarni a kwashe gidajen, da sunan gyara bakin kogi. Aka janye wasu, aka farfasa wasu, masu su na tsaye suna kallo. Darakta da zai sake yin wannan fim yau, sai dai ya sa kafinta ya ƙera masa gidan a situdiyo.