Tayi da Albarka a Gidan Sayar da Motoci

A cikin kalmomin da Bahaushe ya aro daga Larabci, da wuya a sami wadda ta sha aiki a kasuwa kamar kalmar albarka. A masallaci da zauren malam tana nan da ma'anarta ta asali, watau alherin da Allah ke sanyawa a cikin abu. Amma da zarar ta shiga kara, sai ta koma ƙi, ƙin da aka yi wa ado har mai tayi ba zai ji zafinsa ba. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, mai saye ya ƙara, a sake ce masa albarka, har a kai inda za a ce an sallama. Abin lura a nan shi ne, a cinikin dabba mai saye ne ke fara buɗe baki da kuɗi. Mai kaya yakan yi gum, domin in ya riga ya faɗi farashi ya yi wa kayansa iyaka da kansa.

Wannan tsari shi na tashi na tarar a gidanmu a Daura, domin kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, ya fi shekara 30 yana dillancin shanu da dawaki a kasuwar Mai'adua, wadda ke ci ran Lahadi, inda fatake daga Jamhuriyar Nijar ke haɗuwa da masu lodin shanu zuwa Kudu. In Sallar Gani ta gabato, ƙofar gidansa ba ta rabuwa da yaran hakimai masu neman dokin hawa. To, a shekarar 2024 sai ga wani ciniki ya zo masa wanda ba ya haniniya kuma ba ya cin harawa.

Yayana ɗan kasuwar riɗi ne, Allah kuma ya buɗa masa a kaka biyu a jere. Sai ya ƙwallafa rai a kan wata mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, ƙirar Ford Mustang, wadda ya gani a wani gidan sayar da motoci a Kano. An ce masa sabuwa ce dal, ta 2023, kuɗinta naira miliyan 68. Da maganar ta iso kunnen mahaifiyarmu hankalinta ya tashi ƙwarai, domin a cikin jarin nan na Yaya akwai kuɗin shanunta da ta sayar ta ba shi ya juya, akwai kuma rabon ƙannenmu mata biyu na gonar gado. Ba ta hana shi ba, ta san wanda ta haifa. Sharaɗi guda ta kafa: ba za a biya ko kwabo ba sai ƙanenta ya je ya gani da idonsa. Ni kuwa aka ce in bi su don in karanta takardun da aka rubuta da Turanci.

A hanya, tun kafin mu kai Kazaure, Kawu ya ɗauko labarin zamanin da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, shekarar da ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji, kowa ya ruga sayen babur da rediyo da mota. Ya ce a lokacin in an ce mota sabuwa ce, sabuwa ce, daga masana'anta ta fito, kuɗinta kuma sananne ne. Daga baya ne motocin gwanjo suka cika ƙasa, waɗanda muke kira 'yan Kwatano, da yawansu ta Nijar suke ratsowa su shigo ta iyakokinmu na Arewa, har gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa tun daga farkon 2017. Abin da Kawu bai faɗa ba, amma Yaya ya sani sarai, shi ne halin da naira ta shiga. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Da yake da dala ake sayo motar, da ita kuma ake lissafin kuɗin kwastam, mai gidan motoci ya sami bangon jingina: duk farashin da ya faɗa, sai ya ce dala ce ta jawo.

Da muka isa, motar na gaba-gaba, ja wur, an goge ta tana ɗaukar ido. Kawu ya tsaya gabanta ya duƙa, sai ya yi murmushi, domin alamar da ke bakinta hoton doki ne yana sukuwa. Na gaya masa sunan motar ma sunan dawakin daji ne na ƙasar Amurka. Ya ce, "To, ashe ban baro sana'ata a gida ba."

Mai gidan ya fito da fara'a, ya gaishe shi da girmamawa, ya ce, "Baba Alhaji, ai ɗanka ya san kuɗinta. Miliyan 68 ce, ba ma tsawaita magana a nan." Kawu ya ce, "Madalla. Sai dai ni ban taɓa taya dabba ban buɗe bakinta ba. Ina haƙoran wannan?"

Mai karatu da bai saba da dawaki ba, ya kamata ya san cewa da haƙori ake gane shekarun doki, domin sai ya kai kamar shekara biyar yake gama famfara, daga nan kuma yadda haƙoran ke cinyewa shi ke ba da labari. Mota ma ashe tana da nata haƙoran. Akwai wata lamba mai haruffa da alƙaluma 17 da ake bugawa a gindin gilashin gaba ta wajen direba, kuma a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, na goma a cikinsu shi ke nuna shekarar ƙirar. Harafin L na 2020 ne, M na 2021, N na 2022, P na 2023. Na ƙirga da yatsa har sau biyu. L na gani. Na raɗa wa Kawu.

Na zaci zai juya ya tuhumi mutumin nan take. Ko gezau bai yi ba. Sai ya shiga zagaya motar yana shafa jikinta da tafin hannu, kamar yadda yake bin ƙafar doki yana neman kumburi. A ƙofar dama ya dakata, ya sake shafawa, ya ce fatar nan da ta sauran jikin ba uwa ɗaya ta haife su ba. Makaniken da muka ɗauko ya duba ya tabbatar an yi wa wurin sabon fenti. Motoci da dama da ke zuwa mana daga Amurka waɗanda suka yi haɗari ne, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu, aka gyara su a nan. Wannan ba laifi ba ne in an faɗa, ɓoyewar ce algus.

Muna cikin haka sai ga wani saurayi da makullin mota a hannu, ya nufo motar da sauri, ya ce wa mai gidan shi ya ba da 66, a rubuta masa rasit yanzu. Na ga fuskar Yaya ta canza, ya matso kusa da Kawu yana cewa za a rasa ta. Kawu ya dubi saurayin ya ce, "Ɗana, Allah ya sanya alheri. Ba a ciniki a kan cinikin wani, mun janye, je ka biya." Ya nemi kujera ya zauna. Saurayin ya yi ta latse-latsen waya, can ya sulale. Wannan dabara tsohuwa ce, har tana da suna a fiƙihu, najashu, watau mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba da nufin saye ba, don dai ya ingiza mai saye na gaskiya, kuma an hana ta. Kawu bai yi nisa a karatun zaure ba, amma babin ciniki na Risala ya zauna masa daram, da yake kowace Lahadi sai ya gamu da misalansa da ƙafafu huɗu.

Sa'an nan ne ya taya. Ya ce, "Alhaji, kayanka na da kyau, ba mu raina ba. Yarona ya duba ya ce 'yar shekara huɗu ce, kuma ta taɓa jin ciwo ta warke. Na saya 42." A ganina a nan gwanintar take. Bai ce da mutumin ya yi ƙarya ba, da ya faɗi haka da ciniki ya mutu, domin mai gidan zai tsaya kare mutuncinsa ko da zai yi asara. Sai ya ajiye masa gaskiyar a gabansa, ya bar masa ƙofar fita. Mai gidan ya ce lalle yaransa ne suka rikita takardu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Albarka." Jin wannan kalma a bakin mutumin da ɗazu ya ce ba a tsawaita magana, shi ya nuna mini an sauko daga farashin takarda an dawo kasuwar da Kawu ya sani.

Aka yi ta ja, har muka fita sallar Azahar muka dawo. Kawu na ƙara miliyan ɗaya ɗaya, mai gidan na kukan dala da kwastam. Da aka kai 49 Kawu ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce hanyar Daura da nisa. Muna bakin ƙofa aka kira mu. Aka sallama a kan 50, amma Kawu ya ƙi a biya duka. Ya ce a ba da kafin alƙalami, a rubuta a gaban shaidu biyu cewa muna da zaɓi na kwana uku, in takardun kwastam ba su inganta ba a mayar da kuɗi. Mai gidan ya ce ba a yin haka a harkar mota. Kawu ya ce malaman Malikiyya sun ba mai sayen dabba kamar kwana uku ya gwada ta, mai sayen gida kamar wata guda, shi kuwa na dabbar kawai ya roƙa. Dalilinsa a fili yake: motar da ba a biya mata fito daidai ba, ana iya kama ta a hanya ko bayan shekaru, kuma wanda ke da gida a Daura, kusa da Kwangwalam, kullum cikin shingayen kwastam yake.

Takardu suka inganta, Yaya ya biya, aka mayar da miliyan 18 cikin jarin riɗi. Ni dai har yanzu ban ga hikimar sayen motar da cikinta ke kusan taɓa ƙasa ba, a garin da rabin hidimar mutum a ƙauyukan Sandamu da Zango take, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ko ƙaramar mota sai an yi lissafi kafin a tashe ta. Na faɗa wa Yaya haka, ya ce in na gama jami'a na sami nawa kuɗin in sayi amalanke.

Da muka koma gida Yaya ya ƙunsa wa Kawu la'ada ya kai masa. Kawu ya mayar, ya ce dillali ba ya cin la'ada a dukiyar yayarsa. Amma ya ce in an tashi sayen hatsi da kaka, a tuna da dawakinsa guda biyu da buhun gero.