Wagadugu a Ranar Rufe Tseren Keke

Tun da hantsi jandarmomi suka datse manyan hanyoyi. Farkon Nuwamban 2018 ne, ranar da ake rufe tseren keke na Tour du Faso, kuma mai masaukina, Bahaushe haifaffen tsohon zangon Wagadugu, ya ce in ba mu yi sammako ba ko gindin bishiya ba za mu samu ba. Gaskiyarsa. Kafin mu isa, gefen kwalta ya cika maƙil, yara a kan katanga, mata da tiren ayaba da gyaɗa, kowa da rediyo a kunne.

Wagadugu garin keke ne. Za ka ga mace da goyo a baya, kwandon tumatir a gaba, tana taka feda cikin cunkoso hankalinta kwance. Shi ya sa ’yan kallon nan suka san abin da suke kallo. Wani dattijo mai facin taya da ke kusa da mu ya warware mini tsarin: kusan kwana goma ana gudu, kowace rana da zangonta, daga wannan gari zuwa wancan, fiye da kilomita 1,000 gaba ɗaya. Ana tara lokacin kowane ɗan tsere, wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ke sa rawayar riga. Abin da ya fi taɓa ni shi ne aikin ’yan rakiya. Su ke shiga gaba su tare wa gwaninsu iska, su koma baya su ɗauko masa ruwa, su ƙarar da ƙarfinsu don wani ya ɗaga kofi.

An fara tseren a 1987, zamanin Thomas Sankara, kuma ɗan Tarayyar Sobiyat ne ya fara cinyewa. A 2014 cutar Ebola ta sa aka fasa. Turawan Faransa da Beljiyam kan zo, su sha zafin da ba su saba ba.

Muna nan tsaye sai jiniya, sai babura, sannan ’yan tseren. Sautin tayoyi kamar zubar ruwan sama a kan kwano, kafin ka ƙifta ido sun wuce. A tsakiyarsu Mathias Sorgho, ɗan ƙasa, cikin rawayar riga, abokansa na ƙungiyar ƙasar, wato Ingarmu, sun kewaye shi. Shi ya ci tseren a shekarar, kuma ihun da aka yi har cikin ƙirjina na ji shi.

Ana wannan murna, zuciyata tana gida Magarya. Na tuna samarinmu da ke ɗaure damin rake a bayan keke, da masu jarkoki daga ƙauyukan Dungas zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, cikin rairayin da ke sa mutum ya sauka ya tura. Ƙafar da ta saba da wannan ba za ta ji tsoron kwalta ba. Da za a yi irin wannan tsere a can, daga Magarya zuwa Damagaram ma zango guda ne mai kyau, shimfiɗaɗɗe, kuma na san mutanen Bande za su fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu.

Da aka buɗe hanya, dattijon ya naɗe tabarmarsa, ya rataya famfo a kafaɗa. Wata yarinya tana jiransa da keken da tayarsa ta sace.