Yaran Da Yaƙi Ya Koro Mana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai.

Ni akawu ne a Samaru. In na taso daga ofis nakan bi ta kasuwa, wani yaro ya ɗaukar mini kaya, in ba shi ɗan abin da ya samu, in tafi gida zuciyata fari fat, wai ni na yi sadaka. Wata uku muna haka ban taɓa tambayarsa garinsu ba. Ran nan ruwa ya tsare mu a rumfar wani mai hatsi, sai na tambaye shi. Ashe daga ƙasar Giwa suke, nan bayan Shika. 'Yan bindiga suka faɗa wa ƙauyensu cikin watan Maris na 2022, suka kashe ubansa, uwarsa ta gudo da su, tana wanke-wanke a Sabon Gari. Ya ce yana aji biyu aka koro su. Na rubuta sunansa a takarda na nuna masa, ya duba, ya duba, bai gane ba.

Kunya ta rufe ni, don ni kaina da kuɗin wani bawan Allah na yi karatu a makarantar mishan ta Wusasa, ba dangin iya ba na baba. Da kwabo-kwabo ya riƙa jefa mini a bakin hanya, da yau ni ma dako nake yi.

Akwai wanda ya riga mu gane wannan. Tun da fitinar Boko Haram ta tashi a 2009, mutum fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu a Arewa maso Gabas. A Maiduguri kuwa wani lauya, Zannah Mustapha, ya buɗe makarantar marayu, Future Prowess, tun kafin farkon al'amarin, watau a 2007, da yara 36. Karatu kyauta, abinci kyauta, da tufafin makaranta. Abin da ya fi ba ni mamaki, da yaƙi ya yi zafi bai tambayi ko ɗan wa ne ba. Ɗan sojan da aka kashe da ɗan wanda ya yi kisan, benci ɗaya suka zauna. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar girma ta Nansen.

To, mu ba mu da ƙarfin gina makaranta. Amma 'yan'uwana akawuna da malamai, ga mu nan birjik a Samaru, albarkacin Jami'ar Ahmadu Bello. In mutum goma na ofis ɗaya suka haɗa ɗan wani abu kowane ƙarshen wata, ai sa iya ɗaukar yaro ɗaya: littattafai, riga, abin kalaci, da ɗan abin da za a ba uwarsa maimakon kuɗin dakon da zai daina kawowa. Wannan na ƙarshe kada a raina shi, don in babu shi gobe za ta mai da shi kasuwa, ba kuwa laifinta ba ne.

Mu shida muka fara a ofishinmu. Yaron nan ya koma aji biyu, shi ne babba a ajin, yara suna yi masa dariya, amma bai yi fashi ba ko sau ɗaya. Ƙannensa biyu har yanzu suna kasuwa.

Wassalam.

Wani Akawu,
Samaru.