Safiyar da Magana Ta Ƙwace wa Inna

Wata safiya ta hunturu, a unguwar Hausawa ta Ngawundere, wata dattijuwa tana zaune bisa tabarma tana shan koko, sai ludayin ya suɓuce daga hannunta na dama. 'Yarta, wadda ke hura wuta a madafa, ta waiwayo ta ce, "Inna, lafiya?" Tsohuwar ta buɗe baki za ta amsa, amma abin da ya fito bai yi kama da Hausa ba, bai kuma yi kama da Fulatancin da ta shekara arba'in tana ciniki da shi a kasuwa ba. Ta dubi jikanta, ta kasa kiran sunansa. Gefen bakinta ya ɗan karkace.

Kafin a cika minti goma ta dawo hayyacinta sarai, har ta yi faɗa don an bar kokonta ya huce. Nan fa aka shiga raɗa wa abin suna. Maƙwabciya ta ce iska ce ta gifta, a yi turare, a karɓo rubutu. Surukar gidan ta ce gigin tsufa ne, sai haƙuri. Kowanne daga cikin sunayen nan biyu yana tafe da maganinsa, kuma babu wanda ya nufi asibiti.

Sai dai gigin tsufa, a yadda Bahaushe ya san shi, rarrafowa yake yi cikin watanni da shekaru: yau a manta inda aka ajiye carbi, baɗi a manta hanyar gida. Ruɗewar da ta faɗo farat ɗaya, tare da sarƙewar harshe da mutuwar hannu, tana da wani asali dabam.

Da hantsi 'yar ta kira yayanta da ke Garwa. "Yaya, ka kwantar da hankalinka, ta warware." Shi kuwa ya taɓa ganin haka ga mahaifin abokinsa, wanda ya warware da safe, bayan kwana biyu ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ce, "Don Allah ki kai ta yau. A yi addu'ar a hanya."

A asibiti aka fara da huda yatsa don auna sukari, domin faɗuwar sukarin jini na ruɗa tsoho nan take. Aka duba zazzaɓin cizon sauro da ciwon mafitsara, aka tambayi magungunan da take sha, domin duk waɗannan suna iya gigita mai shekaru. Babu ko ɗaya. Awon jininta ne ya zarce 140 bisa 90 nesa ba kusa ba, alhali ba a taɓa auna ta ba.

Likitan ya ce alamu sun nuna ƙaramin bugun jini ne. Wani ɗan gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da sashen ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, sannan ya narke ko ya wuce. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa gefen dama na jiki, kuma a nan ne cibiyar magana take ga mafi yawan mutane. Shi ya sa hannu da harshe suka tafi tare. Gudan kan taso daga jijiyoyin wuya da maiƙo ya ƙuntata, ko daga zuciyar da bugunta ya rasa tsari. Hawan jini, ciwon sukari da shan taba su ne ke share masa hanya. Haɗarin cikakkiyar shanyewar ɓarin jiki ya fi tsanani a cikin sa'o'i 48 na farko, saboda haka warwarewar da ta faranta wa gida rai ita ce ta kusa yaudararsu.

Ya koya wa 'yar gwaji uku: a ce wa mutum ya yi murmushi, ya ɗaga hannuwansa biyu, ya maimaita gajeruwar jimla. Idan ɗaya ya gagara, a lura da agogo, a nufi asibiti, kada a ɗura masa ruwa ko abinci, domin haɗiya ma tana iya gagara, ya shaƙe.

Yanzu Inna na shan ƙwayar hawan jini kullum, an rage mata gishiri da dunƙule a miya, duk da ƙorafinta cewa an mayar da ita baƙuwa a gaban tukunyarta. Duk wata ana kai ta awo. Maƙwabciyar har yau tana nan kan batun iska, kuma ba wanda ya yi mata gardama. Amma ranar da mijinta ya tashi daga barcin rana baki a karkace, gidan Inna ta fara aikowa, ta ce a taimake ta a tsayar da mota.